Shatin Yatsun Almu a Ganyen Inabi

Tun ranar da na sauke jaka a Ƙofar Kibo ba a bar ni na huta ba. In na fito masallaci, tambaya. In na tsaya sayen ƙosai, tambaya. Har Malam Idi mai gyaran agogo, wanda rabonsa da yi mini magana tun rigimarmu a kan magudanar ruwa, ya tsallako titi ya ce, "Malam Shehu, wai da gaske rana ba ta faɗuwa a can?" Kowa da abin da yake son ji. Amma na san ainihin tambayar da kuke taunawa kuna haɗiyewa: ka tafi ɗauko ƙanenka, to ina yake? Ga shi zan faɗa gaba ɗaya, daga nan kuma a ƙyale ni.

Almu shi ne autanmu. Ya tafi Kanada karatun noma, ya gama, ya samu aiki a wata gona ya zauna. Da farko kullum yana kan waya, yana tsokanar kowa, yana nuna wa Inna ƙanƙara ta taga. Daga baya sai kiran ya ja baya. In ya kira ma, gaisuwa kawai da "Inna, ki yafe mini." Me ka yi? Babu. Wata rana ya kira ni ni kaɗai, muryarsa kamar ta wanda ya tashi daga jinya, ya ce, "Yaya, ina so in dawo gida, amma ba zan iya shiga jirgi ni kaɗai ba. Ka zo ka tafi da ni." Mutumin da ya tafi shi kaɗai yana dariya!

Inna kuwa ido ya kusa tafiya gaba ɗaya. Yanzu da hannu take gane mutane, sai ta kama tafinka ta shafa sannan ta san ko wane ne. Da takardun tafiya suka fito bayan dogon jira, ta sa aka kira ni ɗakinta. "Kai," haka take kirana, don ni ne ɗan fari, bakinta bai taɓa kama sunana ba. "Ka je ka zo mini da Auta. Ina so in riƙe hannunsa tun ina da sauran numfashi." Ta haɗa tsaraba da kanta: kilishi, kuka, daddawa, yaji, da wani gwangwanin man shafawa. Farar wuta ce aka daka aka kwaɓa da man kaɗanya, don Almu ya daɗe yana kukan ƙaiƙayin hannu, kuma ta taɓa aika masa irinsa ta hannun wani matafiyi.

Daga Zariya zuwa Kaduna a mota, daga can jirgin ƙasa zuwa Abuja. Allah Ya haɗa ni kujera da wani Alhaji ɗan Gyallesu mai sayar da kayan gini, wanda iyakacin fitarsa Saudiyya ce, amma ya san komai game da ƙasar Turawa. Ya ce duk naman da na ga ja-ja ne kada in ci, duk ruwan da ke kumfa kada in sha, kuma kada in gai da mace. Na ce to in ita ta gaishe ni fa? Ya ce in yi kamar ban ji Turanci ba. Da wannan guzurin na shiga jirgin sama, shi ya sa har muka ya da zango a wani birni na Turai burodi da shayi kawai suka shiga cikina. A can ne na sha wahalar ban-ɗaki. Babu buta, famfon kuma ba shi da marfin murɗawa. Na tsaya ina duba shi sama da ƙasa, sai wani tsoho ya zo ya miƙa hannu kawai, ruwa ya zubo. Na ce a'uzubillahi a fili, tsohon ya ce mini barka da safiya.

A bakin shiga Kanada kare ne ya fara tarbata. Ƙaramin kare ne mai dogayen kunnuwa, sanye da riga kamar ma'aikaci. Ya wuce mutane da yawa, ya zo ya zauna a gaban jakata, har ya goga hancinsa a wandona. Kayan da na yi niyyar salla da su! Wata jami'a ta ja ni gefe ta zazzage jakar. Kilishin nan da aka je har Tudun Wada aka sayo, ta ɗaga shi da yatsa biyu ta jefa a kwando, tana ba ni haƙuri da murmushi. Wallahi da ta zage ni ya fi mini sauƙi. Ta juya kuka, ta juya daddawa ta toshe hanci, ta bar su. Ta buɗe gwangwanin Inna ta sunsuna, ta ɓata fuska. Na ce maganin fata ne. Ta rufe ta miƙo mini.

Almu bai zo filin jirgi ba. Ya dai kwatanta mini motar da zan shiga da inda zan sauka. Wannan motar ita ta fara sa mini wani abu a rai. Cike take da mutane, amma ko tari babu mai yi. A motar Kaduna kafin a kai Jaji ka san sunan matar direba da ciwon da ke damun na kusa da kai. A nan na yi sallama da na zauna, matar da ke gefena ta matsa jikin taga. Muka yi ta wuce garuruwa, gidaje masu kyau ba katanga, ciyawa a share, motoci a ƙofar gida, amma babu mutum. Babu akuya, babu mai talla, babu tsoho a gindin bishiya, kamar an yi shela kowa ya gudu ya bar kayansa. Ga rana kuma ta ƙi faɗuwa. Agogona ya ce lokacin isha ya yi, sama ta ce la'asar ce sakaliya.

Na same shi tsaye a bakin titi inda motar ta ajiye ni. Ya rame, gemu ya cika masa fuska. Abin da ban zata ba shi ne zafi, don lokacin bazararsu ne, gumi nake kamar a kasuwar Sabon Gari. Amma Almu na sanye da safar hannu ta ƙyalle. Na saki jaka na nufe shi da hannu biyu, sai ya ja da baya ya cusa hannayensa a hammata.

"Sannu da zuwa, Yaya. Ya hanya? Ya Inna?"

"Kai, Almu! Ni ne fa. Hannun ma ba za ka ba ni ba?"

"Ka yi haƙuri, Yaya. Mu je."

Haka muka bi wata hanyar tsakuwa, ni babba ina jan jaka, shi ƙane yana gaba hannu a hammata. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce a zuciyata, lallai zaman Turai ya cinye tarbiyyar yaron nan.

Masaukinsa ɗakin katako ne a bayan wata babbar rumfar ajiya, ko'ina ka taka sai ya yi ƙara. Ya tuƙa mana tuwon garin masara da miyar kukar da na kawo, ya zuba a kwano biyu, ya ɗauki nasa ya koma can kusurwa. Tun da aka haife shi ba mu taɓa raba kwano ba. Na ce, "Wani ciwo gare ka ne da ake ɗauka?" Ya ce sai da safe zai nuna mini, da baki ba zan yarda ba.

Da safe hazo ya taso daga tafkin da ke ƙasan gonar ya rufe komai. Muka fita. Layukan inabi ne a jere har kan tudu, an lulluɓe su da farar raga tun daga sama har ƙasa saboda tsuntsaye. A cikin hazon nan, astagfirullah, ba abin da suka yi mini kama da shi sai gawarwaki a likkafani an jera ana jiran liman. Ina cikin kallo sai na ji ƙarar bindiga, dum, kusa da ni. Na zube a ƙasa ina salati. Ashe wata na'ura ce da ke harba kanta don korar tsuntsaye. Daga can kuma kukan shaho ya tashi, ba shaho, akwati ne a kan sanda. Almun da na sani da ya shekara yana ba da labarin faɗuwata. Wannan ko murmushi bai yi ba.

Na tsinki ɗan inabi ɗaya na jefa a baki. Ƙanƙani, baƙi, tsami kamar tsamiya, duk ƙwallo. Na tofar na ce, "Wannan wa zai saya? Inabin Kudan na wajenmu ya fi shi sau nawa!"

Ya ce, "Ba na ci ba ne, Yaya."

"Na mene ne?"

Ya dubi rumfar ajiyar nan. Ƙofarta a buɗe take, na hango manyan gangunan katako a kwance. A nan na gane. Innalillahi! Ɗan Malam, wanda mahaifinsa ya ƙare rayuwarsa yana karantarwa a zaure a Limancin Kona, shi ne ke renon giya tun tana ganye. Na faɗa masa maganganun da ba zan maimaita ba. Ya tsaya ya ji duka, sannan ya ce, "Ban taɓa matsawa ba, ban taɓa ɗanɗanawa ba, ganye kawai nake kula da shi. Amma ban musa ba, Yaya. Zo ka ga hukuncin tukuna."

Muka hau can ƙarshen tudu, inda wasu tsofaffin layuka suke a ware. Ya ce in ɗaga ragar da kaina. Ganyen ya ƙone, wasu sun zube, wasu na nan sun yi ja sun bushe. Na ce ai cuta ce. Ya ce in duba da kyau. Na kama wani babban ganye da bai gama mutuwa ba, sai na ga ƙunar ba a warwatse take ba. Layi huɗu ne a sama, a jere, dogo da gajere. Na juya bayansa, ga tabo guda mai faɗi. Na ɗora hannuna a kai, yatsu huɗu a sama, babban yatsa a ƙasa, suka zauna daidai. Na duba na gaba, haka. Na gaba da shi, haka.

Ya ce, "Aikinmu a wannan lokacin shi ne rage ganye da hannu don rana ta samu 'ya'yan. Ni da wani ɗan Jamaika, Mista Winston, muka raba layin nan. Dubi ɓangarensa, kore shar. Dubi nawa. Na yi irin aikin nan a ƙetaren hanya, ko ganye ɗaya bai yi komai ba. Nan ne kawai. Na sa safa, ta cikin safar yake fitowa."

"Me ke nan ɗin?"

Ya rage murya, ko da yake babu kowa sai mu. Ya ce mijin mai gonar shi ya dasa waɗannan layukan tun yana saurayi. Da ya mutu ba a binne shi ba, ƙone shi aka yi, don haka wasunsu suke yi, aka kawo tokarsa a tulu. Aka taru a kan tudun nan, dangi da ma'aikata, kowa ya ɗibi tokar da hannunsa ya watsa a gindin inabin. "Da aka miƙo mini tulun, Yaya, na kasa. Mutum ne fa. Mutumin da ya koya mini aiki, ya sayo mini rigar sanyi. Na cusa hannuna a aljihu na juya baya. Ba a yi mako ba hannuna ya fara ƙaiƙayi. Da ganye ya fito, ga abin da ka gani. Sanyi ya zo na ce ya wuce. Bana da ganye ya dawo, shi ma ya dawo." Na dubi ƙasar da nake tsaye a kai, na ja ƙafata baya ba tare da na sani ba.

Mai gonar, Madam Marta, ta gayyace mu cin abincin rana. Tsohuwa ce doguwa, ita kaɗai a gida mai ɗakuna da yawa. A wurinmu tsohuwa irinta jikoki sun hana ta sakat. Ita agogon bango ne abokin hirarta, kuma har yanzu tana ajiye faranti a gaban kujerar mijin. Ta kawo kifi da dankali, ba gishiri ba barkono. Na zaro yajin Inna daga aljihu na barbaɗa, ta nemi ta ɗanɗana, ta ce ba ta ji komai ba sai zafi. Wata rashin lafiya da ta yi ta tafi da jin ƙamshinta. Gaskiya ne kuwa, don muna zaune madara ta ƙone a kan wuta, ƙauri ya cika gidan, sai da na tashi na nuna mata.

Ta ce ta kira masana, sun ɗebi ganye da ƙasa sun auna, ba su ga wata cuta ba. Ta yanke shawara in an gama girbi za ta sa a tumɓuke layukan, kada abin ya yaɗu. Ta faɗi haka tana kallon kujerar da ba kowa. Ta ce Almu ya gaya mata zai bar aiki, kuma ba ta san yadda za ta yi ba, don tun mutuwar mijin shi ne hannunta. Da ta ce hannunta, Almu ya sunkuyar da kai.

Ba zan ɓoye muku ba, ni daɗi na ji. Zai bar aikin haram, zai bi ni gida, Inna ta samu abin da take so. Ko aljani ne, ko mamaci ne, ko ishara ce, ya yi mini aikina. Amma da muka koma ɗaki ya ce, "Yaya, in mun isa ka nema mini ɗaki a bayan ganuwa, ko Gyallesu ko gaba. Kuma ka gaya wa Inna kada ta kama hannuna."

"Kana hauka ne? Da me za ta gan ka in ba da hannu ba?"

"Abin da ya ƙone ganye, me zai yi wa tsohuwa? Shi ya sa na kasa shiga jirgi. A matse ake zama. Sai kana gefena ka tare."

Kwanaki kaɗan bayan haka Madam Marta ta ce bari ta zaga da ni gonar, kamar yadda ake yi wa baƙo. A wata ƙaramar rumfa a ƙetaren hanya na ga injin feshi biyu, ɗaya an shafa masa jan fenti. Na tambayi dalili. Ta ce inabin wannan ɓangaren irin ƙasashen ɗumi ne, ana fesa musu wani gari don maganin farar cutar nan mai kama da toka da ke hawa ganye. Amma na mijinta wani iri ne daban, an haɗa shi da inabin daji na bakin kogi don ya jure sanyi. Ƙanƙara za ta binne shi har wuya ya tashi lafiya, amma garin nan ko kaɗan ba ya so. In ya taɓa shi a ranar zafi ganyen ƙonewa yake, in kuma ya haɗu da maiƙo, abin ya fi muni. Shi ya sa injinsa daban, kuma tun mijin na da rai ba a haye hanya da garin. "Shi ne abin da masanan suka fara tambayata," in ji ta, "na ce musu ko kusa." Ta buɗe bakin wani buhu ta nuna mini.

Gari ne ruwan ɗorawa. Na dangwala da yatsa na kai hanci. Farar wuta.

Ni na san farar wuta a matsayin magani, ta fata da ta gona, don abokina mai gonar inabi a hanyar Kudan barbaɗa ta yake ba fargaba. Ban taɓa jin akwai inabin da take kashewa ba. Na tuna gwangwanin Inna, farar wuta da man kaɗanya, da safar ƙyallen da mai ya jiƙa ta yi ɗanko. Tsohuwar ga ta nan gabana, ba ta jin wari. Sauran ma'aikata kuwa in sun ji warin a jikinsa, ai warin gona ne. Na goge yatsana a wando na ce mata gonar ta yi kyau.

Na yi shiru da bakina. Kwana da kwanaki ina kallonsa da safe yana buɗe sabon gwangwanin da na ɗauko da hannuna tun daga Zariya, yana shafawa har tsintsiyar hannu, yana karanta addu'o'i, ya zura safa ya hau tudu. In na faɗa, na san me zai biyo baya. In na yi shiru, tikitinmu na nan, ranar tafiya na matsowa. Na ce wa kaina ai ba ƙarya na yi ba, ba wanda ya tambaye ni. Amma abinci ya daina shiga, kuma duk sanda bindigar nan ta tashi sai in ji kamar da ni take.

Abin da ya karya ni ƙaramin abu ne. An yi ruwa, muna saukowa daga tudu, santsi ya kwashe ni na faɗa wani ramin magudana, ƙafata ta gurɗe. Zafi ya hau mini har ka. Na miƙa masa hannu na ce, "Almu, jawo ni." Ya zo bakin ramin da gudu, ya sunkuyo, sai ya tsaya. Ya mayar da hannayensa hammata ya matse su, hawaye na bin gemunsa.

"Yaya, ba zan iya ba. Wallahi ba zan iya ba. Bari in kira Winston."

Ya juya da gudu yana ihu. Ina kwance a cikin taɓo ina kallon sama, na ce wannan ne zan kai wa Inna? Da Mista Winston ya ciro ni, tun kafin a ɗaure ƙafar na ce a kira mini Madam.

Ban yi dogon bayani ba, don Almu ba zai yarda da baki ba. Da rana ta take na sa aka taimaka mini zuwa ɓangaren Winston mai kore shar. Na buɗe gwangwanin a gabansu, na shafa a hannuna na dama, na damƙi ganye lafiyayyu da dama ɗaya bayan ɗaya. Na ce a ɗaura musu zare a bar su. Madam Marta ta karɓi gwangwanin ta kai hanci, ba ta ji komai ba, ta miƙa wa Winston. Shi yana sunsunawa ya ce farar wuta ce, ya dafe kai ya zauna a ƙasa.

Bayan kwana biyu ko uku muka koma. Shatin ya fito, ja, a bushe. Ɗan ƙaramin yatsana na dama a karkace yake tun wata karaya ta ƙuruciya, ga shi nan a jikin ganye a karkace. Tsohuwar ta durƙusa a gindin inabin tana dariya tana kuka, tana yi wa mijinta magana da wani harshe da ba Turanci ba. Almu ya daɗe yana kallo. Ya zare safar ya yar, ya je famfo ya wanke hannu da sabulu, ya sake wankewa, ya sake. Ya dawo ya kama hannuna da nasa biyu ya ƙi saki. Duk faɗan da ke bakina ya tsere, muka tsaya a nan muna kuka kamar yara.

Likita ya ba shi wani man shafawa, ya ce bushewar fata ce ta sanyi. Amma a hanyar dawowa daga asibiti Almu ya ce, "To Yaya, me ya sa a makon tokar nan ya fara?" Na ce ai makon ne sanyi ya shigo. Ya ce haka ne. Daga ni har shi ba wanda ya sake ɗaga maganar, kuma ni ban sake hawa tudun ba.

Ya dawo Almun da. Ya ci abinci, ya tsokane ni a kan faɗuwar da na yi ranar bindiga, har kwaikwayona yake wa Winston. Sai dai ranar tafiya na ƙaratowa ban ga yana haɗa kaya ba. Na tambaye shi. Ya sosa ƙeya ya ce inabin da ya rasa ganye da yawa yana shiga sanyi da rauni, in ba a kula da shi sosai ba, ba zai tashi baɗi ba. Shi ya ɓata, shi ya kamata ya gyara. Ga girbi ya zo, ga tsohuwa ba ta da kowa, ga takardunsa na zama sun kusa fitowa, in ya fita yanzu an koma farko.

"Giyar fa?" na ce. "Innar fa? Tsohuwar wani ka gani, taka ba ka gani ba?"

"Zan nemi gonar tuffa in an gama, Yaya, na yi alkawari. In sanyi ya wuce zan zo. Ka gaya mata baɗi in Allah Ya so."

"Ka san tana da baɗi?"

Na yi faɗa, na yi lallashi, na haɗa shi da Allah da darajar mahaifinmu. Ya yi ta ba ni haƙuri yana murza hannuna. Mutumin da tsoro ya sa ya kira ni, tsoron ya tafi. Kujerar da ke gefena a jirgi wani Bature ne ya zauna a kai, ya yi barci tun daga tashi har sauka.

Na iso gida bayan la'asar. Yaran gida suka rugo suna leƙa bayana. Na wuce ɗakin Inna na durƙusa. Ta kama hannuna ta shafa, ta saki, ta miƙa nata gefena tana lalube a iska. Na ce ni kaɗai ne. Na ba ta labarin duka, ban da na gangunan nan. Ba ta katse ni ba har na gama.

"Ya warke ke nan," ta ce.

"Ya warke, Inna. Ya ce baɗi."

Ina jin ana daka a maƙwabta.

"Kai," ta ce a hankali, "da ka riƙe bakinka har jirgi ya sauka, ka faɗa masa a nan tsakar gidan, ita kuma matar ka buga mata waya, me zai ragu?"

Na buɗe baki in ce ramin nan, in ce idonsa da na gani, in ce ba ki ga yadda yake ba. Na dubi hannunta a kan tabarma.

Na ce, "Babu, Inna."